Tara zinariyar sarakunan Rum bisa nauyinta: rajistar aikin shekarar 2025

12 ga Janairu, 2025

Na shiga wannan shekara da tsabar zinariya uku a hannuna, wato ta Tiberiyus, ta Antoninus Piyus da ta Balens, kuma na ƙudura in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya domin masu sha'awar irin wannan tari su ga dalilin da ya sa nake sayen wata tsabar ina barin wata. Mafi yawan masu tara zinariyar Rumawa suna bin jerin Kaisarori goma sha biyun da Suwetoniyus ya rubuta tarihinsu, daga Yuliyus Kaisar zuwa Domitiyan. Ba na ganin laifin wannan tsari, sai dai yana da tsada ƙwarai, domin a cikin jerin akwai irin su Oto, wanda ya yi wata uku kacal a kan gadon mulki a shekarar 69, da Kaligula, wanda zinariyarsa ba ta cika fitowa kasuwa ba. Ban da tsadar kuma, jerin yana tsayawa ne a shekarar 96, alhali a lokacin labarin kuɗin Rum bai ko kai rabinsa ba.

Tsarin da na zaɓa shi ne in bi nauyi. Lissafin Rumawa shi ne tsaba nawa za a fitar daga laba ɗaya ta zinariya, kuma labar tasu ta kai kimanin giram 327. A zamanin Yuliyus Kaisar ana fitar da tsaba 40, kowace ta ɗan haura giram 8, kuma ita ce ake kira aureyus. A hankali nauyin ya riƙa sauka har Nero ya mayar da lissafin 45, Karakala ya mayar da shi 50, Diyokletiyan ya tsayar da shi a 60, sannan Kustantin ya fito da sabuwar tsaba mai suna solidus wadda ake fitar da 72 daga laba guda. Burina shi ne in samu tsaba ɗaya mai kyau daga kowane mataki, in rufe jerin da Hirakla. Hoton da ke fuskar tsaba yana nuna yadda sarki yake son talakawansa su gan shi, sikeli kuwa yana nuna abin da baitulmalinsa zai iya ɗauka, kuma abin da nake so shi ne in jera waɗannan shaidu biyu a faifai ɗaya.

9 ga Fabrairu, 2025

Na sake auna tsabar Tiberiyus na kuma cike katinta: giram 7.71, faɗin milimita 19, bugun Lugdunum, garin da yanzu ake kira Liyon a Faransa, inda Agustus ya mayar da bugun zinariya da azurfa tun shekara 15 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A fuskarta akwai kan sarkin da kambin ganye da rubutun TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS, a bayanta kuma mace ce zaune riƙe da sanda da reshe, an rubuta PONTIF MAXIM a gefenta. Masana da yawa suna ɗaukar macen nan a matsayin Libiya, mahaifiyar sarkin, a cikin siffar allahiyar zaman lafiya.

Tiberiyus ya yi mulki daga shekarar 14 zuwa 37, kuma kusan duk tsawon wannan lokaci bai sauya wannan zane ba, abin da ya sa tsabarsa ta fi ta sauran danginsa sauƙin samu. Wasu masu tari suna raina ta saboda haka, amma ni a wurina rashin sauyin ya dace da halin mutumin, wanda bai cika kashe kuɗi a kan gine-gine da wasanni ba, har Suwetoniyus ya ce ya bar sestertiyus (kuɗin da Rumawa suke lissafin dukiya da shi) miliyan 2,700 a baitulmali, dukiyar da Kaligula ya ƙarar kafin shekara ta zagayo. Domin a gane darajar tsabar, aureyus ɗaya daidai yake da dinariyus 25 na azurfa, kuma albashin sojan runduna a wancan zamani dinariyus 225 ne a shekara, wato irin wannan tsaba tara, kafin a cire kuɗin abinci da tufafi da makamai. Ire-irenta sun yi tafiya mai nisa, domin an tono su da yawa a kudancin Indiya, inda fataken Rum suke biyan kuɗin barkono da lu'ulu'u da su, kuma da dama daga cikin waɗanda aka samu a can an sare fuskar sarkin da kurfi.

22 ga Maris, 2025

Tsabar Nero ta iso, kuma ita ce babban abin da na sa a gaba a farkon shekarar nan. Na saye ta a gwanjo, da takardun da suka nuna ta taɓa fitowa a wani gwanjon tun kafin shekarar 1970. Nauyinta giram 7.24 ne. A bayanta akwai Jupita zaune a kan karaga riƙe da tsawa da sanda, da rubutun IVPPITER CVSTOS, wato Jupita mai tsaro, zanen da ake dangantawa da kuɓutar sarkin daga makircin Piso a shekarar 65.

Da na ajiye ta kusa da ta Tiberiyus, ido ba ya ganin bambancin girma, amma sikeli ya nuna kusan rabin giram. Wannan shi ne gyaran shekarar 64, shekarar da gobara ta cinye babban ɓangaren birnin Rum a watan Yuli. Filini Babba, wanda ya rayu a zamanin, ya rubuta cewa Nero ne ya kai lissafin zuwa tsaba 45 a laba. A lokaci guda aka rage nauyin dinariyus, lissafinsa ya tashi daga 84 zuwa 96 a laba, aka kuma fara surka azurfarsa da tagulla. Zinariyar kuwa ba a surka ta ba, nauyinta kawai aka taɓa, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci: azurfa ita ce kuɗin da ake biyan soja da ɗan kasuwa, za a iya ɓoye ragin a cikin ƙarfen, amma zinariya tana hannun manyan attajirai da baƙin ƙasashe waɗanda suke aunawa suna kuma gwadawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne fuskar. Nero ya hau mulki a shekarar 54 yana ɗan shekara 16, kuma a tsabar farko ana ganinsa siririn saurayi yana fuskantar mahaifiyarsa Agiripina, sunanta ne ma a fuskar tsabar, nasa yana baya. Shekara guda bayan haka aka mayar da hotonta bayan nasa, daga nan ta ɓace daga kuɗin gaba ɗaya, a shekarar 59 kuma ya sa aka kashe ta. Mutumin da ke kan tsabata ya riga ya yi ƙiba, wuyansa ya yi kauri, haɓarsa ta ninku, gashin goshinsa an jera shi hawa-hawa. Masu sassaƙa hatimin ba su rage masa komai ba, kuma ba zai yiwu a buga irin wannan hoto ba tare da yardar fada ba. Mutum zai iya jera tsabar Nero daga 54 zuwa 68 ya ga shekarunsa suna hawa a jikinsa, kuma ban san wani kuɗi na tsohuwar duniya da ya kai na Rumawan ƙarni na farko faɗin gaskiya a kan kamannin mai mulki ba.

27 ga Afrilu, 2025

Wani dillali ya turo mini hotunan aureyus na Hadiriyan, daga cikin jerin da aka buga don tunawa da rangadinsa a lardunan daula, wadda aka rubuta AFRICA a bayanta, da mace kwance sanye da hular fatar giwa. Farashin ya yi ƙasa da abin da aka saba, kuma da na nemi salsalar mallakarta, amsar ita ce ta fito daga tsohon tarin wani gida, babu takarda, babu hoton tsohon kundin gwanjo. Na bar ta, ko da yake zanen yana cikin waɗanda na fi so.

Dalilai biyu ne. Na farko jabu. Mai sayen zinariyar mata a kasuwa yana gogawa a dutse ya ɗiga ruwan gwaji ya ɗora a sikeli, shi ke nan ya gama, amma wannan ba ya wadatarwa a nan, domin mai ƙera jabun aureyus da zinariya ta gaske yake aiki, tunda kuɗin tsabar ya ninka kuɗin ƙarfenta sau da yawa. Tun farkon ƙarni na 19 Bajamushen nan Karl Wilhelm Becker yake sassaƙa hatimai da hannunsa, yana zuba tsabar da ya buga a akwati da garin ƙarfe ya ɗaure a jikin keken dokinsa domin su goge su yi kama da tsofaffi, kuma har yau aikinsa yana fitowa a kasuwa. Abin da ake dubawa shi ne ko an buga tsabar ne ko zuba ta aka yi, domin zubi yana barin ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe, haruffansa kuma ba su da kaifi. Sai a gwada salon zanen da hatiman da aka riga aka sani a kundin Roman Imperial Coinage, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara a 1923, da hotunan da American Numismatic Society ta ɗora a intanet.

Dalili na biyu shi ne haƙƙin ƙasashen da ake tono waɗannan abubuwa. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba ita ce iyakar da masu tari na kirki suke dubawa. A 2020 an sayar da aureyus ɗin Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Yuliyus Kaisar, mai ɗauke da wuƙaƙe biyu da rubutun EID MAR, wato ranar kisan, a Landan a kan fiye da fam miliyan 3, daga baya aka gano takardun asalinsa na ƙarya ne, kuma a 2023 hukumomin Niyok suka mayar da shi Girka. Tsabar da aka tono a ɓoye ta rabu da wurin da aka same ta da abin da aka same ta tare da shi, kuma wannan ilimi ba ya dawowa.

14 ga Yuni, 2025

Na ziyarci gidan tarihin Rheinisches Landesmuseum da ke Trier a Jamus domin in ga taskar da aka tono a garin a watan Satumba na 1993 lokacin da ake haƙar harsashin gini. Tsaba ce fiye da 2,600 a cikin tukunyar tagulla, nauyinsu kimanin kilo 18.5, kuma ita ce taskar aureyus mafi girma da ta rage a adane. Mafi sabunta daga cikinsu na zamanin Saftimiyus Seberus ne, tsakanin 193 da 196, kuma ana kyautata zaton an ɓoye su ne a lokacin yaƙin basasarsa da Kulodiyus Albinus.

Abin da ya kai ni shi ne ɗaya ƙarshen jerin: mafi tsufa daga cikinsu na Nero ne, daga lokacin gyaran nauyi. Babu Agustus, babu Tiberiyus, babu Kulaudiyus. Da zarar tsaba mai nauyi da mai sauƙi suka zama daraja ɗaya a wurin biya, kowa zai kashe mai sauƙin ya ɓoye mai nauyin ko ya narkar da ita, gwamnati ma haka take yi, domin marubucin tarihi Kasiyus Diyo ya ruwaito cewa Sarki Tarajan ya tattara tsofaffin kuɗi ya narkar a wajen shekarar 107. Tsabar Nero da ke cikin taskar sun goge ƙwarai, sun yi fiye da shekara ɗari suna yawo daga hannu zuwa hannu, suna gauraye da na Hadiriyan da na Markus Aureliyus a matsayin kuɗi ɗaya. Tsabata ta Antoninus Piyus, wanda ya yi mulki daga 138 zuwa 161, tana da giram 7.27, kusan daidai da ta Nero, kuma yanzu na fahimci matsayinta a faifan: ita ce shaidar cewa ma'aunin Nero ya riƙe na kimanin shekara 150.

30 ga Agusta, 2025

Babu sabon saye. Na shiga gwanjon wata tsabar Karakala, farashin ya wuce iyakar da na sa wa kaina, na janye.

Wannan gurbi shi ne mafi wahala a jerin. Seberus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, ya ƙara wa soja albashi, kuma Kasiyus Diyo ya ce wasiyyarsa ga 'ya'yansa a York a 211 ita ce su haɗa kansu, su wadata sojoji, kada su damu da kowa bayan haka. Akwai aureyus ɗinsa mai kyau ƙwarai da ke nuna matarsa Yuliya Domna a tsakiyar 'ya'yan biyu, amma kafin shekarar ta ƙare Karakala ya sa an kashe ƙanensa Geta. Wasiyyar sojoji kuwa ya cika ta, ya ƙara musu rabin albashinsu, kuma a 215 ya rage aureyus zuwa kimanin giram 6.5. Daga nan zuwa ƙarshen ƙarni na 3 ma'auni ya lalace, har a zamanin Galiyenus ana samun tsabar da ba ta kai giram 3 ba, ga alama an koma karɓar zinariya da awo maimakon ƙirga. Diyokletiyan, wanda ya hau mulki a 284, shi ya dawo da tsari, kuma a kan wasu tsabarsa an buga harafin Girkanci mai nufin 60 domin kowa ya san lissafin. Zinariyar wannan ƙarni ba ta da yawa, shi ya sa take tsada.

18 ga Oktoba, 2025

Na ba da wannan wata ga solidus. Kustantin ya fara buga shi a Trier a wajen shekarar 310, a kan kimanin giram 4.5, kuma bayan ya kayar da Lisiniyus a 324 ya zama kuɗin daular baki ɗaya. Tawa ta Balens ce, bugun Antakiya, giram 4.41, da rubutun RESTITVTOR REIPVBLICAE a baya, sarkin yana tsaye riƙe da tuta. An buga ta a farkon mulkinsa, wanda ya fara a 364 ya ƙare da mutuwarsa a yaƙin Adiriyanopul da Gotawa a 378. Tana da siriri da faɗi fiye da aureyus, kuma akwai ɗan zane da wani ya karta a gefen fuskar da tsini, abin da ake yawan gani a kan solidus.

Idan aka rufe rubutun, da wuya a bambance Balens da ɗan'uwansa Balentiniyan, domin fuska ɗaya ce, da ɗaurin kai na lu'ulu'u, da babban ido, babu tsufa babu ƙiba. A wannan zamani ne kuma gwamnati ta fi tsananta wa nauyi da tsarki. Sarki Yuliyan ya ba da doka a 363 cewa a naɗa mai awo na hukuma a kowane gari domin raba gardamar solidus, sannan Balentiniyan da Balens suka umarta a 366 da 367 cewa a narkar da zinariyar haraji a tace ta kafin a kai ta baitulmali, domin masu karɓar haraji suna musanya ta da maras kyau. Daga lokacin aka fara buga OB a ƙasan tsabar, alamar tatacciyar zinariya. Tawa ta riga wannan doka, shi ya sa babu alamar a kanta.

Ban yi tsammanin faifan zai nuna wannan a fili haka ba. A ƙarnonin da fuskar sarki take tasa ta gaske, nauyi yana ta sauka. Da aka ɗaure nauyi, fuskar ta zama ta sarauta, ba ta mutum ba. Amanar kuɗin ta tashi daga kan wanda ke mulki ta koma kan awo, kuma solidus ya riƙe nauyinsa da tsarkinsa har ƙarni na 11. Talaka kuwa ya biya farashin wannan, domin kuɗin tagullar da ke hannunsa yana ta faɗuwa alhali ana neman haraji da zinariya.

13 ga Disamba, 2025

Solidus ɗin Hirakla ya shigo, kuma shi ne mafi arha a cikin duk abin da na saya, domin an buga su da yawa. Bugun Kustantiniyya ne, giram 4.44. A fuskarsa mutum uku ne a tsaye, sarkin a tsakiya da dogon gemu, 'ya'yansa Hirakla Kustantin da Hiraklonas a gefensa, zanen da aka yi amfani da shi daga 632 zuwa 641. A baya akwai gicciye a kan matakala uku da CONOB a ƙasa.

Hirakla ya taso daga Kartaj a 610 ya kifar da Fokas, ya tarar da Farisa tana cin daular: Ƙudus ta faɗi a 614, Masar ta bi baya. Sai da aka narkar da kwanonin zinariya da azurfar majami'u aka biya soja kafin ya yi nasara a Ninawa a 627, kuma bai cika shekara goma ba ya rasa Sham a yaƙin Yarmuk a 636. Nero ya rage nauyi a kan abin da bai kai wannan ba, amma tsabar da ke gabana tana kan ma'aunin Kustantin bayan shekara fiye da 300. Wannan shi ne sarkin Rum da littattafan hadisi suka ambaci wasiƙar Manzon Allah (SAW) zuwa gare shi, kuma irin wannan tsaba ce zinariyar da ke yawo a hannun fataken Larabawa a lokacin. Bayan cin Sham an ci gaba da amfani da ita, har aka buga kwaikwayonta da mutum ukun nan amma an cire sandar gicciyen, kafin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinarin da babu hoto a kansa sai rubutu a shekarar 77 bayan Hijira, a kan kimanin giram 4.25.

Faifan yana da tsaba biyar yanzu, kuma guraben da suka rage su ne na 40, na 50 da na 60. Na fi ba na 60 muhimmanci a shekara mai zuwa, kuma zan jira ta Diyokletiyan ko ta Maksimiyan wadda harafin lissafin ya fito sarai a kanta, ko da fuskar ta ɗan goge, muddin takardunta sun kai kafin 1970.